Steamboy: Dalilan da Suka Sa Masu Sharhi Suka Yaba Zane Suka Kushe Labari

Tun da fim ɗin zane Steamboy ya fito a Japan a watan Yulin 2004, bakin masu sharhin fina-finai ya kusa zuwa ɗaya a kansa: zane ya kai maƙura, labari kuwa bai kai ba. Da fim ɗin ya isa Amurka a 2005, wannan hukunci aka yi ta maimaitawa a jaridu.

Babban dalili shi ne sunan mai fim ɗin. Katsuhiro Otomo ne ya yi Akira a 1988, aikin da ya sa Turawa da yawa suka fara ɗaukar fim ɗin zane na Japan da muhimmanci. Shekara 16 mutane suna jiran ya sake yin dogon fim ɗin zane nasa na kansa. Sun sa rai da wani birni mai duhu da tashin hankali, sai ya kai su Ingila ta 1866, duniyar da injin tururi ke mulki, ya ba su labarin wani yaro mai suna Ray Steam da ƙwallon ƙarfe mai tara ƙarfin tururi. Da yawa sun auna fim ɗin da ma'aunin Akira, kuma a ganina nan suka yi masa rashin adalci.

Sai dai kukansu yana da tushe. An shafe kusan shekara 10 ana aikin, an kashe yen biliyan 2.4, an yi zane sama da 180,000. Wannan wahala duk tana bayyana a allo: hayaƙin masaƙun Manchesta, bututu, ƙafafun inji, gilashin zauren baje koli na Landan yana tarwatsewa. Amma daga tsakiyar fim ɗin rugujewa ta cinye komai. Katafaren ginin tururi ya tashi sama, ana ta fashe-fashe, mutanen da ya kamata mu damu da su suna ta ihu a cikin ƙarar inji. Sigar Turanci, wadda Anna Paquin da Patrick Stewart da Alfred Molina suka yi wa murya, an ma rage mata tsawo, abin da bai taimaki labarin ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda wannan hukunci ya binne tambayar da fim ɗin ya yi. Kakan Ray, Lloyd, yana ganin ilimi amana ne don amfanin jama'a. Uban, Edward, yana ganin ƙarfi shi ne ci gaba. A tsakaninsu ga Gidauniyar O'Hara, wadda ta mayar da yaƙi na gaske a tsakiyar Landan tallar makamai ga baƙin da suka zo saye. Ko ɓangaren gwamnatin Birtaniya bai fita da hannu mai tsabta ba. Kaɗan ne fina-finan yara da suka taɓa cinikin makamai kai tsaye haka.

A kasuwa abin bai yi daɗi ba. Kuɗin da ya tara a gidajen sinima na Japan bai kai abin da aka kashe ba, alhali a shekarar ce Howl's Moving Castle na Hayao Miyazaki ya kwashi jama'a. Bayan haka Otomo ya yi Mushishi da 'yan wasa na zahiri a 2006, sannan gajeren zane Combustible a 2012.

Steamboy bai kai Akira ba, amma ya fi yadda aka kwatanta shi. Wanda zai kalla ya nemi cikakkiyar sigar Japananci mai minti 126.