Ko Kun Sani? Mai Kula da Laburaren da Ya Tsere da Littattafai

A 2012, da 'yan bindiga suka mamaye Tumbuktu a ƙasar Mali, Abdulƙadir Haidara, mai kula da ɗakin karatun gidansu, ya zama tamkar ɗan fasa-ƙwauri. Shi da abokan aikinsa suka riƙa cusa tsofaffin littattafan rubutun hannu cikin akwatunan ƙarfe, ana fitar da su a ɓoye, wasu a mota, wasu a kwalekwale ta Kogin Neja, har Bamako. Sama da 300,000 suka tsira, na fiƙihu da likitanci da lissafi da ilimin taurari. Ba a makara ba, domin a Janairun 2013 maharan sun ƙona kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba, wata ma'ajiyar littattafai da ke Tumbuktu. Yau dubban shafukan littattafan da suka tsira na nan a intanet, kowa na iya dubawa.