Yowannis Kolettis: Likitan da ya ɗora wa Girka burin Istanbul

Tun daga watan Yulin 2020 da Turkiyya ta mayar da Aya Sofiya ta Istanbul masallaci, zuwa Mayun 2024 da aka buɗe tsohuwar majami'ar Kariye ga masallata, duk sanda gwamnatin Girka ta nuna ɓacin rai sai ka ji masu sharhi a rediyo da Facebook sun yanke hukunci nan take: rigimar Musulmi da Kirista ce. Addini yana ciki, babu shakka. Amma wanda ya tsaya nan bai san yadda aka yi Istanbul ta shiga siyasar Girka ba, kuma da wuya ya taɓa jin sunan Yowannis Kolettis.

An haifi Kolettis wajen 1774 a ƙauyen Sirrako da ke tsaunukan Epirus. Ya karanci likitanci a Pisa ta Italiya, ya zama likitan Muktar, ɗan Ali Pasha mai mulkin Yanina a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Da Girkawa suka tayar da yaƙin 'yanci a 1821 ya bi sahunsu, da suka juya wa juna baki a 1824 kuwa shi ya tattaro mayaƙan arewa suka murƙushe manyan Feloponis, har aka tsare gwarzon yaƙi Kolokotronis a tsibirin Hidra. Ya taɓa zama firaminista na ɗan lokaci daga 1834, sannan aka tura shi Faris jakada daga 1835 zuwa 1843.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya. A Satumbar 1843 sojoji suka kewaye fadar Sarki Otto, Bajamushen nan ɗan gidan sarautar Bavariya da Ingila da Faransa da Rasha suka ɗora wa Girka, suka tilasta masa amincewa da tsarin mulki. Majalisar da ta zauna rubuta shi ba ta jima ba ta afka cikin wata muhawara mai zafi: wane ne ɗan ƙasa? Sabuwar masarautar 'yar ƙarama ce, ba ta ɗauki ko kashi ɗaya bisa uku na Girkawan duniyar Usmaniyya ba. Girkawan da suka kwararo daga Istanbul da Izmir da Epirus sun fi na gida ilimin zamani da harsunan Turai, saboda haka suka cika ofisoshin gwamnati. Waɗanda aka haifa a cikin iyakar masarautar suka ce atafau, su suka zubar da jini, ba za su zauna baƙi su ci moriya ba.

Kolettis shi kansa baƙo ne a wannan ma'auni, domin Sirrako tana hannun Turkawa a lokacin. A Janairun 1844 ya miƙe a majalisa ya kare baƙin, ya nuna cewa masarautar wani yanki ne kawai na Girka, kuma wanda aka haifa a garin da Sarkin Istanbul ke mulka bai gaza ɗan Atina zama Bagirke ba. Daga wannan jawabi aka samo abin da Girkawa ke kira Megali Idea, wato babban burin haɗe dukkan Girkawa a ƙasa ɗaya mai hedikwata a Istanbul.

Majalisar ba ta saurare shi ba. Ta zartar da ƙudurin hana waɗanda suka zo daga baya riƙe muƙamin gwamnati na wasu shekaru. Cikin waɗanda suka rasa aiki har da Konstantinos Paparrigopulos, haifaffen Istanbul, wanda daga baya ya zama babban marubucin tarihin Girka. Ke nan burin da ya juya siyasar ƙasar kusan shekara tamanin ya fito ne daga cacar baki kan wa zai samu kujera a ma'aikata.

A Agustan 1844 Kolettis ya karɓi muƙamin firaminista daga hannun Aleksandros Mavrokordatos, jagoran masu jingina da Ingila. Jam'iyyun wancan zamani sunayen ƙasashen waje suke amsawa, ta Ingila da ta Faransa da ta Rasha, Kolettis kuwa shi ne uban ta Faransa, aminin ministan Faransa Gizo. Mutumin da ya shekara takwas a Faris sai ga shi sanye da fustanella, farin buje mai naɗe-naɗe irin na mayaƙan tsauni, gidansa cike da tsofaffin mayaƙa masu neman aiki ko fansho. Ya raba muƙamai ga magoya baya, majalisarsa ta soke nasarar 'yan adawa da dama, 'yan bindigar karkara suka zama 'yan bangar zaɓe. Tsarin mulkin da aka rubuta don taka wa sarki birki ya koma abin da sarki da firaministansa ke juyawa yadda suka so.

Duk wannan a ƙasar da a 1843 ta kasa biyan bashin faran miliyan 60 da manyan ƙasashe uku suka tsaya mata a 1832. Baitulmali babu kuɗin gyaran hanya, amma zancen Istanbul bai yanke ba. Kolettis bai ƙara wa Girka ko taku ɗaya na ƙasa ba har ya rasu kan mulki a Satumbar 1847, 'yan watanni bayan Daular Usmaniyya ta janye jakadanta Musurus saboda Sarki Otto ya ci masa fuska a bainar jama'a.

Masu fassara mana labaran duniya ya kamata su daina kasala. Kafin a raba wa masu sauraro ɓangaren da za su goya wa baya, a gaya musu cewa 'yan siyasa ne suka raini wannan buri, kuma talakawan ɓangarorin biyu ne suka biya kuɗinsa. Da wannan buri sojojin Girka suka sauka Izmir a 1919, dakarun Turkiyya na Mustafa Kamal suka fatattake su a 1922. Yarjejeniyar Lozan ta 1923 ta tabbatar da musayar jama'a bisa addini: Kiristocin Otodoks kimanin miliyan 1.2 suka rasa gidajensu a Turkiyya, Musulmi kusan 400,000 suka bar Girka, ciki har da Musulmin tsibirin Kirit da Girkanci ne harshensu na gida.