Ma'anar Kalmar "Pledge" da Asalinta

Kowace safiya mukan yi layi a filin makaranta mu karanta abin nan da ake kira "pledge" da Turanci. Yawancinmu mun haddace shi tun muna firamare. Amma ran nan da na tambayi 'yan ɗakinmu ma'anar kalmar, sai kowa ya ce ai alkawari ne, shi ke nan. Da na bincika a laburare, sai na tarar abin ya wuce haka.

Tun asali kalmar ba ta mutanen Ingila ba ce. A shekarar 1066 mutanen Normandi, wani yanki na Faransa, suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a. Ta haka ne kalmarsu "plege" ta shiga Turanci. A zamanin nan ba magana take nufi ba, mutum take nufi, watau wanda ya tsaya wa wani, ya yi lamuninsa gaban alƙali.

Har ma akwai wata doka a Ingila wadda ake kira "frankpledge". Akan kasa mazan ƙauye goma-goma, kuma da zarar yaro ya kai shekara 12 sai a sa shi cikin kashi ɗaya. Idan wani a cikinsu ya yi laifi ya gudu, tilas sauran su nemo shi, in sun kasa a ci su tara. Ashe ni mai shekara 16, da tuni na shekara 4 ina ɗauke da nauyin maƙwabtana!

Sannu a hankali ma'anar ta faɗaɗa, ta haɗa da kayan da mai cin bashi yake ajiyewa wurin mai kuɗi, watau jingina. In bai biya ba, kayansa sun tafi. Daga nan kuma ta zama alkawari mai nauyi, wanda mutum ba riga ko gona yake jinginarwa ba, mutuncinsa yake jinginarwa. Shi ya sa ake amfani da ita ga wanda ya miƙe a taron gidauniya ya ce zai ba da kuɗi kaza.

Namu na ƙasa kuwa, wata malamar Jami'ar Legas, Felicia Adeyoyin, ita ta rubuta shi a shekarar 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta umarci 'yan makaranta su riƙa karanta shi. A cikinsa muna alkawarin riƙe gaskiya da amana. To, wanda ya faɗi haka da safe, da rana kuma ya yi satar amsa a jarrabawa, me ya rage masa? Jinginarsa ta tafi.

Saboda haka, 'yan'uwana, gobe kafin mu buɗe baki mu tuna abin da muka ajiye. Alkawari kaya ne. Allah ya ba mu ikon cikawa, amin.