Maganin Ƙarfin Maza da Lafiyar Zuciya: Me Bincike Ya Nuna?

Duk wanda ya saba zama a majalisa ko shiga tashar mota ya san yadda maganar maganin ƙarfin maza take da kasuwa. Wani zai ce maka ƙwayar Viagra tana kashe mutum da bugun zuciya, wani kuma ya rantse ya gani a intanet cewa lafiya ma take ƙara wa zuciyar. Kowannensu akwai inda ya samo maganarsa, sai dai bai kawo ta a cike ba. Abin da ya haɗa maganganun biyu shi ne, wannan magani a kan hanyoyin jini yake aiki, kuma hanyoyin jinin da ke kai wa gaban namiji da waɗanda ke ciyar da zuciya duk tsari ɗaya ne.

Asalinsa ma maganin zuciya ne

Sunan sinadarin da ke cikin Viagra sildenafil. Masana a kamfanin Pfizer, a garin Sandwich na ƙasar Ingila, su suka haɗa shi a 1989 da nufin magance hawan jini da ciwon ƙirjin da ke tasowa idan jini bai wadaci zuciya ba. Da aka gwada shi a farkon shekarun 1990, bai yi abin a zo a gani ba a kan ciwon ƙirjin. Amma mazan da aka ba shi suka riƙa ba da rahoton cewa gabansu yana miƙewa fiye da da. Daga nan binciken ya sauya hanya, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a watan Maris na 1998. A 2003 kuma tadalafil, wanda ake sayarwa da sunan Cialis, ya biyo baya.

Yaya yake aiki?

Miƙewar gaba aikin jini ne. Idan sha'awa ta motsa, jiki yana sakin wata iska mai suna naitirik oksaid a bangon hanyoyin jini. Ita kuma tana sa a samar da wani sinadari da ake kira cGMP, wanda ke sa tsokar bangon ta saki, hanyar ta buɗe, jini ya kwararo. Akwai kuma wani sinadarin, PDE5, da aikinsa shi ne rusa cGMP don komai ya koma daidai. To sildenafil da 'yan uwansa suna danne PDE5 ne, sai cGMP ya daɗe bai ƙare ba. Shi ya sa ƙwayar ba ta haifar da sha'awa, tana dai taimaka wa jinin ne bayan sha'awar ta zo.

Matsalar ita ce ba a gaba kaɗai ake samun PDE5 ba. Akwai shi a hanyoyin jinin huhu da sauran sassan jiki. Don haka ƙwayar tana ɗan sauke awon jini, kusan maki 8 a lambar sama da 5 a ta ƙasa ga mai lafiya. Wannan ba wani abin tashin hankali ba ne, kuma shi ya sa wasu ke jin ciwon kai, toshewar hanci ko zafi a fuska. Saboda wannan aikin ne ma aka amince da sildenafil a 2005, da sunan Revatio, don maganin hawan jinin huhu, cutar da ke gajiyar da ɓangaren dama na zuciya.

Inda haɗarin yake

Akwai rukunin magungunan ciwon ƙirji da ake kira naitiret. A jikin kwalinsu za ka ga an rubuta nitroglycerin, glyceryl trinitrate, isosorbide dinitrate ko isosorbide mononitrate. Wasu ana sa su a ƙarƙashin harshe, wasu feshi ne, wasu haɗiya ake yi. Aikinsu shi ne ƙara naitirik oksaid a jiki, wato ƙara yawan cGMP. Ka ga kenan idan aka haɗa su da sildenafil, ɗaya yana ta zuba cGMP, ɗayan kuma ya hana a rusa shi. Hanyoyin jini za su buɗe fiye da kima, awon jini ya faɗi warwas, mutum ya suma, zuciyar da dama can ba ta samun isasshen jini ta ƙara rasawa. Wannan kan iya kai wa ga mutuwa.

Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce kada a ba mutum naitiret sai bayan awa 24 da shan sildenafil, ko awa 48 idan tadalafil ne, saboda shi yana daɗewa a jiki. Don haka idan ciwon ƙirji ya kama mutum bayan ya sha ƙwayar, a garzaya asibiti, kuma ya faɗa wa likita abin da ya sha da lokacin da ya sha. Kunya a nan ba ta da amfani ko kaɗan. Masu shan doxazosin ko tamsulosin saboda hawan jini ko kumburin prostat su ma sai da shawarar likita, domin haɗuwar kan jawo jiri da faɗuwa.

To batun cewa yana kare zuciya fa?

A 2017 masu bincike a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin sun wallafa nazarin bayanan maza fiye da 43,000 da suka taɓa samun bugun zuciya. Sun ga waɗanda aka rubuta wa maganin rashin ƙarfin gaba haɗarin mutuwarsu ya yi ƙasa da kusan kashi 33 cikin 100. Irin wannan sakamako ne ke yawo a kafafen sada zumunta.

Amma a lura, bibiyar takardun asibiti aka yi, ba a raba mutane gida biyu aka ba wasu magani aka hana wasu ba. Namijin da ke da ƙarfin neman iyali bayan ciwon zuciya, har likita ya yarda ya rubuta masa ƙwayar, galibi dama ya fi sauran lafiya. Saboda haka ba za a iya cewa maganin ne ya tsawaita ransa ba. Da aka yi gwaji na ƙa'ida a kan marasa lafiya 216 masu wani nau'in gazawar zuciya, wanda aka wallafa a 2013 da sunan RELAX, sildenafil bai ƙara musu juriyar motsa jiki ba bayan mako 24. A 2024 kuma wani nazarin daga Suwidin ɗin ya nuna mace-mace sun fi yawa a cikin mazan da aka rubuta wa naitiret da wannan magani tare. A taƙaice, babu likitan da zai rubuta maka Viagra don rigakafin ciwon zuciya.

Rauni a gaba na iya zama gargaɗi

Wannan shi ne abin da aka fi mantawa. Hanyoyin jinin gaba faɗinsu milimita 1 zuwa 2 ne, na zuciya kuwa 3 zuwa 4. Idan kitse ya fara taruwa, ko hawan jini, ciwon sukari da shan taba suka fara lalata bangon hanyoyin, ƙananan su ke fara nuna alama. Shi ya sa a wurin maza da yawa raunin gaba kan riga ciwon zuciya bayyana da shekara 2 zuwa 5. Wanda ya je kemis ya sayi ƙwaya ya yi shiru, alamar kawai ya rufe, cutar tana nan tana ci gaba. Ba kowane rauni ne daga jini ba, damuwa da fargaba da wasu magunguna ma kan jawo shi, amma sai an auna ake bambancewa.

Hattara da "na gargajiya ne zalla"

Wasu na guje wa ƙwayar bature su koma wa zuma, shayi ko garin da aka ce daga itatuwa ne kawai. A 2022 hukumar FDA ta gargaɗi kamfanoni huɗu bayan gwaji ya gano sildenafil da tadalafil a ɓoye cikin zumar da suke sayarwa don ƙarin kuzari. Mai shan naitiret da ya sha irin wannan, ya haɗa magungunan biyu kenan bai sani ba, kuma bai san adadin da ya shiga jikinsa ba.

Idan kana fama da wannan matsala, musamman in ka haura shekara 40, fara da auna hawan jini, sukari da kitsen jini. Tafi wa likita da kwalayen duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya. Idan hawa bene hawa biyu yana sa ka haki ko ciwon ƙirji, a fara duba zuciyar tukuna kafin a zo kan maganar ƙwaya. Ga yawancin mazan da zuciyarsu ke daidai kuma ba sa shan naitiret, maganin ba shi da matsala idan likita ne ya rubuta, kuma ba a wuce sau ɗaya a rana ba.