Inji Miƙaƙƙe da Inji Mai Siffar V: Ina Ƙarfin Yake?

A kasuwar motoci da garejin bakanikai akwai maganar da ta zama kamar karatu: in kana son ƙarfi, ka nemi V6 ko V8. Mai sayarwa kan bugi murfin inji ya ambaci harafin, kuɗin mota ya ƙaru nan take. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta ɗora yabo a inda ba nan ya dace ba. Yadda aka jera silinda, a layi ɗaya ko a layi biyu masu haɗuwa a ƙasa kamar harafin V, yana shafar abubuwa da yawa a mota, sai dai ƙarfin juyi ba ya cikin manyansu.

Ƙarfin juyi shi ne murɗawar da karanshaf ke yi, wadda ke ɗaga mota daga tsaye ta hau tudu da kaya, kuma da Nm ake auna shi. Ƙarfin doki kuwa shi ne wannan murɗawar haɗe da saurin juyawar inji. Abin da ke haifar da murɗawar shi ne girman cikin silinda gaba ɗaya, da yawan iska da man da aka iya cusawa a ƙone. Fistin bai san ko a tsaye yake ko a karkace ba. Matsin da ke kansa kawai ya sani.

Manyan motocin dakon kaya sun isa shaida. Scania tana alfahari da V8 tun 1969, kuma mafi ƙarfinsa a yau, mai lita 16 da ɗoriya, yana ba da doki 770 da Nm 3,700. Volvo ta tsaya kan silinda shida a layi ɗaya, injinta mai lita 17 yana ba da doki 780 da Nm 3,800. Siffa daban, sakamako kusan ɗaya. Haka ma a Land Cruiser: injin gas na 1HZ mai lita 4.2 yana ba da kimanin Nm 285, ɗan'uwansa 1HD-FTE mai girma ɗaya da jeri ɗaya, da aka sa masa tabo da sabon tsarin feshin mai, ya kai kimanin Nm 430. Ba a taɓa jerin silinda ba, iska aka ƙara.

To daga ina sunan V ya samo asali? Daga wuri. Silinda takwas a layi ɗaya suna buƙatar dogon hanci da dogon karanshaf mai saurin murɗewa. In aka raba su gida biyu, tsawon ya ragu da kusan rabi, sai a iya cusa babban inji a ƙaramin ɗaki. Abin da Ford ya yi ke nan a 1932 lokacin da ya sa V8 a motar da talaka zai iya saya, Lancia kuma ta fito da V6 a 1950. Wanda ya tuƙa Camry mai fulogi huɗu, sannan ya shiga mai fulogi shida ya ji ta fizge shi, lita 3.5 ce ta fizge shi a maimakon 2.5. Siffar V ta ba wannan girman wurin zama ne a gaban motar da injinta ke kwance a gicciye.

A fagen tsere wannan gajarta tana da daraja ƙwarai. Gajeren karanshaf ya fi jure juyawa da sauri, dunƙulallen inji kuma yana da ƙwarin da za a ɗaura masa sauran jikin mota. Motocin Formula 1 suna amfani da V6 mai lita 1.6 da tabo tun 2014. A nan V ya ci gari ba gardama.

Inda miƙaƙƙen inji ke ramawa shi ne laushin aiki. A mai silinda shida, fistin na ɗaya da na shida suna tafiya tare, na biyu da na biyar, na uku da na huɗu, kowace girgiza tana samun mai kashe ta. Bugun wuta yana zuwa a kowane digiri 120 na juyi, daidai wa daida, kamar luguden mata uku a turmi ɗaya. V6 ma yana iya samun wannan tazarar bugu, amma kowane ɓangarensa silinda uku ne masu son yin lilo, sai an zaɓi kusurwar digiri 60 ko an ƙara sandar daidaita girgiza. Miƙaƙƙe mai silinda huɗu shi ma yana da tasa karkarwar in ya girma, shi ya sa ake sa masa irin wannan sanda. Wannan laushi ne ya riƙe BMW a kan shida miƙaƙƙe shekara da shekaru, kuma Mercedes, da ta koma V6 a 1997, ta dawo gare shi a 2017.

Sai batun gyara, wanda ya fi shafar aljihun mai mota a ƙasashenmu. Miƙaƙƙen inji kai ɗaya gare shi, gasket ɗaya, hanyar hayaƙi a gefe guda, kuma hannu yana kaiwa ko'ina. V yana da biyu na kusan komai. Duba bakanike yana canja fulogi a V6 mai kwance a gicciye: uku na gaba a fili suke, cikin ɗan lokaci ya gama. Uku na baya kuwa suna maƙale a jikin bangon da ya raba inji da direba, a motoci da yawa sai ya kwance bututun shigar iska gaba ɗaya, ya ajiye kusoshi a jere a kan tsumma, kafin ya ga kansu. Aikin rabin sa'a ya zama na wuni, kuɗin hannu ya ninka. Ba banza ba tsohuwar Marsandi 911 da injinta mai silinda shida a jere ta daɗe tana dakon hatsi da shanu a hanyoyinmu. Ita kanta Mercedes, da ta fara Actros a 1996 da V6 da V8, ta mayar da sabon samfurinsa kan miƙaƙƙen inji a 2011.

Ra'ayina a bayyane yake. Motar da za ta yi aikin ƙarfi, ta yi doguwar tafiya da kaya, a gyara ta a garin da kayan gyara ke wuya, miƙaƙƙen inji ya fi dacewa da ita. Wanda ke son babban inji a motar da ba ta da dogon hanci, ko gudu na fitar hankali, V ne abokin tafiyarsa, in ya shirya wa man da zai sha da kuɗin gyaransa. Amma kafin ka biya ko sisi saboda harafi, ka tambayi lita nawa ne injin, akwai tabo ko babu, Nm nawa yake bayarwa, kuma a wane saurin juyi ƙarfin ke zuwa. Waɗannan amsoshi huɗu su ne za su gaya maka ko motar za ta hau tudu da kayanka.