Kundin Lafiyar Dabbobi a Ƙauyukan Jazira

A ƙarshen shekarar 2007, bayan damina mai yawan ruwa, annobar zazzaɓin Kwarin Rift ta auka wa jihohin Jazira da Sinnar da Farin Nil a Sudan, yankin da Hausawa suka zauna tun zamanin da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa garinsa a bakin Kogin Nil Shuɗi, har mutum fiye da 200 suka riga mu gidan gaskiya. Sauro ne ke yaɗa cutar, kuma alamarta takan fara bayyana a garke, inda tumaki ke ta ɓari, 'yan raguna na mutuwa, tun ba ta kai ga mahauci ko uwargida mai tatsar nono ba.

Faɗar makiyayi kan waɗannan alamu kuwa takan tsaya a bakin rijiya. Saboda haka ne hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, ta ƙirƙiri manhajar waya mai suna EMA-i, wadda aka fara jarrabawa a Uganda a 2013, domin malamin dabbobi ya rubuta irin dabbar da alamar ciwo da wurin da abin ya faru, labarin ya isa ga masu bincike a ranar. A ganina wajibi ne kare da jaki da kyanwar gida su shiga wannan kundi, tun da da su yaranmu ke wuni.