A DUBA MOTA TANA TSAYE KAFIN A GWADA TA A HANYA

Ma'aikaci ko malamin makaranta ya kan yi shekaru yana tara kuɗi, ko ya ci bashin da za a yi ta yanka daga albashinsa, don ya sayi mota ta hannu. Amma ran ciniki sau da yawa abin da a ke yi bai wuce a zaga motar sau ɗaya, a yaba fenti, a shiga a ɗan taka ta zuwa bakin kasuwa a komo ba. To, jama'a, wannan ba gwaji ba ne. Yawancin aibin mota tana tsaye a ke ganinsa, hanya kuwa shaida ce kawai a kan abin da ido ya riga ya gani.

Hukumomi sun daɗe da sanin haka. A Ingila tun 1960 a ka kafa dokar jarraba motocin da su ka shekara 10, a na duba birki da fitilu da sitiyari. A 1967 a ka mai da abin ya hau kan motar da ta shekara 3. A Nijeriya ma jami'an duba lafiyar motoci su ke ba da takardar shaidar cewa mota ta isa hawa hanya. Sai dai takardar ba ta faɗin halin da motar ta ke ciki yau, saboda haka mai saye ya yi nasa dubawa, tare da makanikin da shi ya kawo, ba na mai sayarwa ba.

A nemi ganin motar da safe, injin da sanyi, gama injin da ya ɗumama ya kan ɓoye wuyar tashi da hayaƙi. Da fari a gwama lambar jikin motar da wadda ke cikin takardu. Sa'an nan a lura ko an juya mata sitiyari. Tun ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, don haka motocin da a ka ƙera domin Ingila ko Japan a kan mai da sitiyarinsu hagu. In aikin bai yi kyau ba, rai ne a ka rataya a kan walda.

Daga nan sai taya. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da a ka yi ta. Wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar roba ta kan bushe ta tsattsage ko da zanenta bai cinye ba. Cikin kwarin zanen akwai 'yan tudu masu tsayin milimita 1.6, in zanen ya yi daidai da su, tayar ta ƙare. In gefe ɗaya ya fi cinyewa, ƙafar motar ba ta zauna daidai ba. Kada a raina wannan. Ran 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe.

Sai a buɗe bonet. A zaro ƙarfen awon baƙin mai: in man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga cikinsa, gyaran kuwa ba na kuɗi kaɗan ba ne. A duba ruwan lagireto, da man birki, da fambel, da kan batir. A durƙusa a leƙa ƙarƙashi ko wani abu na ɗiga. Lagireto dai ba a buɗe shi da zafi, ruwansa na ƙona fuska.

In an shiga, a murɗa makulli ba tare da an ta da injin ba. Ya kamata fitilun gargaɗi duka su kama, su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, mai yiwuwa an kashe ta ne don kada ta tona asiri. A taka birki a riƙe: in ƙafa na nitsewa a hankali, akwai inda mai ke zurarewa, kada a fita da motar. Wani ya tsaya waje ya ga fitilun gaba da na birki da sigina, ya kuma dubi salansa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi mai ne ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa ruwa ne ya shiga injin.

Bayan wannan duka ne a ke hawa hanya. A kashe rediyo, a rage hira, gama kunne ne babban ma'auni. A fara gwada birki a hankali inda ba jama'a. In motar ta ja gefe ɗaya, ko sitiyari ya yi rawa, birkin ƙafafun bai zo ɗaya ba. Littafin ƙa'idodin hanya na Ingila ya ƙiyasta cewa mota mai lafiya, tana gudun kilomita 48 a awa, sai ta ci mita 14 bayan an taka birki. A kilomita 96 kuwa mita 55. Gudu ya ninka biyu, nisa ya kusa ninka huɗu. Ina ga wadda birkinta ya yi rauni?

A bi kwalta mai santsi a ji ko tana tafiya sak, a bi gargada a saurari ƙwanƙwasa daga ƙasa. A murɗa sitiyari har ƙarshe a zaga a hankali. In an ji ƙas-ƙas-ƙas, mahaɗin ƙarfen da ke juya tayar gaba ya cinye. Gurnanin da ke ƙaruwa tare da gudu yawanci boris ne. A shiga kowace giya har ta baya. A sa babbar giya a taka totur: in injin ya ɗaga murya motar ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya suɗe. A tsaya kan gangara a ja birkin hannu, ido kuma na kan allurar zafi.

In an komo, a tsayar da ita wuri mai tsabta, a jira kaɗan, a sake leƙa ƙarƙashi. Ƙafar da ta fi sauran zafi, birkinta na kamawa.

Mai sayarwa na gaskiya ba ya jin haushin wannan bincike, wanda ya ƙi yarda kuwa ya riga ya ba da amsa. Awa guda ko biyu ke nan, alhali bashin na shekaru ne, kuma iyali za a ɗauka a ciki. Allah Ya kiyaye hanya, amin.